Gani da Ji a Gidan Likita: Matsayin Bidiyo Wajen Karantar da Majiyyata

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Jama'a masu saurarenmu na Kona da kewayenta, da na Korgom da Maijirgi da Baudeta da Hawandawaki har zuwa birnin Tasawa, da 'yan uwanmu na ƙasar Mayahi da Kanambakashe, iyayenmu maza da iyayenmu mata, malamai da almajirai, barkanmu da warhaka. Allah Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.

Mas'alar da za mu tattauna a yau ita ce ta bidiyo, wato hoto mai motsi da magana, wanda a da sai an je birni ake ganinsa, yanzu kuwa ya shigo aljihun samarinmu ta hanyar salula. Tambayarmu guda ce, amma tana da rassa uku: shin wannan abu yana da fa'ida ta haƙiƙa wajen karantar da majiyyaci da mai jinya yadda za su yi da cuta da magani, in kuwa yana da ita, da waɗanne sharuɗɗa take tabbata, kuma ina ne iyakarta?

Mu fara da illar da ake neman magancewa, domin wanda bai san ciwo ba, ba zai san darajar magani ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan likita a tsakiyar damina, lokacin da masassarar cizon sauro da zawo suke kama yara, ya san yadda mata suke cika rumfa tun da sanyin safiya, kowace da goyonta, alhali ma'aikatan da za su duba su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Idan layi ya zo kan uwa, bayan ta yi tafiyar ƙafa ko ta amalanke, ga yunwa, ga fargabar halin da ɗanta yake ciki, sai majo, wato ma'aikacin lafiyar da ke kula da gidan likitan, ya duba yaron, ya ba ta magani iri biyu ko uku, ya ce wannan safe da yamma, wannan sau ɗaya a yini, wannan a narka shi cikin ruwa kaza, kuma duk wannan bayani cikin 'yan mintoci kaɗan, domin wasu suna jira a bayanta. Ita kuwa, saboda kunya da ladabi, sai ta ce to, ta karɓa, ta kama hanya, kafin ta isa gida rabin maganar ya zube. Takardar da aka rubuta mata da Faransanci take, mafi yawan iyayenmu mata na karkara kuma ba su yi karatun boko ba.

Kada wani ya ɗauka wannan gazawa ce ta mutanen ƙauye. Ɗabi'a ce ta ɗan Adam a ko'ina yake, domin an halicce shi da mantuwa, kuma tsoro yana toshe ƙofar fahimta. Wani masanin halayyar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, mai suna Roy Kessels, ya tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, ya wallafa a shekarar 2003 cewa majiyyata suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da likita ya gaya musu nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma ba daidai suka riƙe shi ba. Waɗannan kuwa mutane ne na ƙasashen da kusan kowa ya iya karatu. A Amurka kuma, a shekarar 1998, Peter Houts da abokan aikinsa sun gwada karanta wa mutane umarnin jinya da baki kawai, sai suka tuna kashi 14 cikin 100, amma da aka haɗa maganar da zane-zanen da ke nuna aikin, aka bar musu zanen a gabansu, sai abin da suka tuna ya kai kashi 85. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan tun kafin a auna shi, da suka ce gani ya kori ji.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a masu saurare, ilimi iri biyu ne ta fuskar yadda ake ɗaukarsa: akwai wanda kunne yake wadatarwa a kansa, kamar labari da nasiha da hukunci, akwai kuma wanda aikin hannu ne, wanda komai fasahar mai bayani, ba ya zama daram a zuciya sai ido ya shaida. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan sarai, shi ya sa ba su taɓa wadatuwa da karanta wa yaro farillan alwala da sunnoninta ba, sai sun sa an kawo buta, sun yi a gabansa, shi ma ya yi a gabansu, sun gyara masa. Ya tabbata a cikin ingantattun ruwayoyi cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sa an kawo masa ruwa, ya yi alwala a bainar jama'a domin su ga yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yin ta. Haka nan babban likitan Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rayu kimanin shekara dubu da suka wuce, da ya wallafa littafinsa Attasrif, sai ya zana surar kayan fiɗa a cikinsa, saboda ya san siffantawa da kalmomi ba za ta isar wa ɗalibi ba.

To, mafi yawan abin da ake buƙata daga mai jinya a gida, daga wannan kashi na biyu yake. Ɗauki ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake ba yaro mai zawo: ƙunshi ɗaya ake zubawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko ƙaramin kofi, a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan aka faɗi lita da baki, wata za ta auna da moɗa, wata da kwanon sha, ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Amma idan ta ga wata mace irinta ta wanke hannu, ta cika mazubin da ta sani, ta yage ƙunshin, ta juye shi duka, ta motsa, ta rungume yaro tana ba shi a hankali, to ma'aunin ya shiga idonta, kuma da wuya ya fita.

Ɗauki kuma maganin rigakafin masassara na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni da shi a 2012, ƙasarmu Nijar kuma ta fara raba shi a 2013 ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko da hannunsa, amma na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsu, kuma amfanin maganin bai cika sai an sha na kwana ukun, wata bayan wata, har damina ta wuce. Yadda ake narka ƙwayar cikin ɗan ruwa, da yadda ake riƙe yaro don kada ya shaƙe ko ya tofar, da haƙurin da ake yi da shi, duk abubuwa ne na gani. Haka ɗora jariri ga nono yadda bakinsa zai kama da kyau, haka ɗaura gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma, haka auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku, wanda ja yake nuna ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani, rawaya tsakanin 115 da 125, kore kuma sama da haka. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata wannan awo, bincike kuma ya nuna cewa awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai da aka horar ba. Wannan hujja ce bayyananna cewa uwa ta karkara, idan aka nuna mata aiki yadda ya kamata, tana riƙe shi riƙo na ƙwarai.

Falalar bidiyo a nan ita ce ba ya gajiya da maimaici. Majo ba zai iya bin kowace uwa gida ba, bidiyo kuwa yana iya binta a cikin salular mijinta ko ta ɗanta, ta kalla da rana, ta sake kalla da dare lokacin da jikin yaro ya yi zafi, kuma abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau, ba ragi ba ƙari. Matsayinsa ke nan na gaskiya: likita ne mai ba da darasi, bidiyo kuma mai yin muraja'a.

(Kiɗa kaɗan)

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dattawan da suka yi cirani a Katsina ko Kano a zamanin Turawa da farkon mulkin kai suna tuna majigi, motar da take zuwa dandali da dare, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a finafinan tsabta da noma. A nan Nijar, an kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, inda mutanen gari suke taruwa su saurari shiri tare, su yi muhawara a kansa ƙarƙashin jagorancin wani daga cikinsu, a ɗauki ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. A 1964 kuma, zamanin shugaba Diori Hamani, aka fara karantar da yara ta talabijin a makarantu, Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada haka, kuma ko a lokacin ba a bar akwatin shi kaɗai da yara ba, sai da aka tsayar da mai kula a gefensa. Darasin da waɗannan gwaje-gwaje suka bari shi ne na'ura tana isar da saƙo, amma mutum ne yake tabbatar da shi a zukata.

A zamaninmu kuma, jiharmu ta Maradi tana cikin wuraren da aka jarraba bidiyon lafiya da idon basira. Masu bincike na jami'ar Illinois ta Amurka, tare da wani masani na Maradi, Ibrahim Baoua, sun nuna wa mutanen Maradi da ƙauyukan kewaye gajerun bidiyoyin zane a salula, ɗaya kan kariya daga kwalara, ɗaya kan maganin ƙwari na 'ya'yan bedi, ɗaya kan adana wake cikin buhu mai ninki uku, suka wallafa sakamakon a 2012, inda ya bayyana cewa jama'a sun karɓi wannan hanya hannu biyu. Sannan a 2015, shirin SPRING, tare da ƙungiyar Digital Green wadda ta faro aikinta da manoman Indiya, ya gwada wata hanya a ƙauyuka 20 na yankunan Gidan Rumji da Agye. Maimakon a kawo fim daga waje, sai aka horar da 'yan ƙasa suka ɗauki bidiyon da Hausa, a cikin gidajen ƙauye, mutanen ƙauyen ne kuma 'yan wasan: uwa tana wanke hannu da sabulu kafin ta ba da abinci, uwa tana zuba wa yaro nasa a kwanonsa dabam tana lallashinsa ya ci, miji yana taimakon matarsa. Ana nuna shi da ɗan ƙaramin majigi mai batir ga ƙungiyoyin mata da na maza, mai jagora yana tsayar da shi yana tambaya, daga baya kuma a bi gida-gida a ga abin da aka aikata. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙaruwar gidajen da suka tanadi wurin wanke hannu da masu ciyar da yaro a kwanonsa, har aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙauyuka.

Daga nan za mu iya fitar da sharuɗɗan bidiyo mai amfani. Sharaɗi na farko, ya kasance da harshen mai kallo, da irin Hausar da yake ji a kasuwa da bakin rijiya. Na biyu, ya ga mutane irinsa da kaya irin nasa, domin idan mace ta ga ana wanke hannu a famfon ɗaki mai tayil, za ta ce wannan na masu hali ne, amma idan ta ga buta da ƙwarya da danga irin ta gidanta, sai zuciyarta ta ce ni ma zan iya. Na uku, ya zama gajere, mas'ala ɗaya tak, kuma ya nuna aiki ana yi, domin masu nazarin wannan fanni sun lura cewa bidiyon da mutum yake zaune yana zuba bayani yana ƙara sani, amma wanda ake ganin mutane suna aikatawa ya fi sauya ɗabi'a. Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, a samu mai jagora, ko ma'aikacin lafiya, ko ungozoma, ko ɗan sa-kai na gari, wanda bayan an gama kallo zai ce, Inna, nuna mini yadda za ki yi idan kin koma gida, ya miƙa mata kofi da cokali ta gwada a gabansa. Na biyar, kada a keɓe uwa ita kaɗai da kallo, alhali izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida, shawarar abin da za a ba jariri kuma sau da yawa tana hannun kaka. Wannan hikima ce ta sa aka kafa makarantun mazaje a jihar Damagaram, kuma ita ce ta wajabta a nuna wa gida duka.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu kuma sai iyaka, domin adalci ya hana mu yabon abu fiye da ƙimarsa. Iyaka ta farko, sani dabam, iko dabam. Uwa tana iya sanin cewa yaro yana buƙatar ƙwai da wake da ganye, amma idan rumbu ya ƙare a watan bazara, bidiyo ba zai cika shi ba. Tana iya sanin alamun haɗari, amma idan hanya ta yanke ko magani ya ƙare, saninta bai isa shi kaɗai ba. A Burkina Faso, tsakanin 2012 da 2015, an yi wani babban gwaji da gidajen rediyo, aka watsa saƙonnin lafiyar yara a yankuna bakwai, aka bar wasu bakwai don kwatantawa. Kai yara gidan likita ya ƙaru ƙwarai a inda aka watsa, amma ƙidayar da aka yi ba ta iya nuna bambanci bayyananne a yawan mace-macen yara tsakanin ɓangarorin biyu ba. Faɗakarwa tana kai mutum ƙofar asibiti, abin da zai tarar a ciki kuma nauyi ne a kan hukuma da al'umma baki ɗaya.

Iyaka ta biyu, bidiyo ba ya duba majiyyaci. Ba ya taɓa jiki, ba ya gwada jini, ba ya sauraren ƙirji. Saboda haka, iyayena mata, idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sauri haƙarƙarinsa suna shiga ciki, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, haka mai ciki idan ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko naƙuda ta daɗe, to wannan ba lokacin kallon salula ba ne, lokacin kama hanyar gidan likita ne, ko da tsakar dare, in an tura ku babban asibitin Tasawa ko na Mayahi kuma ku tafi ba da jinkiri ba.

Iyaka ta uku ita ce mafi hatsari. Ƙarfin da hoto yake da shi wajen shigar da gaskiya, da shi yake shigar da ƙarya. A yau ana tura bidiyoyi ta WhatsApp da TikTok da Facebook, wani ya sa farar riga ya ce shi likita ne, wani yana tallar garin magani guda da ya ce yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, wani yana tsorata mutane daga allurar rigakafi, har akwai na'urorin da suke ƙirƙirar fuska da murya su sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Malaman hadisi, Allah Ya jiƙansu, sun bar mana mizani a kan irin wannan, domin ba su karɓar magana komai daɗinta sai sun binciki isnadinta, sun san wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, kuma amintacce ne ko a'a. Alƙur'ani mai girma kuma, a cikin suratul Hujurati, ya umarce mu da yin bincike kafin mu yi aiki da labari. Don haka duk bidiyon lafiya da ya zo hannunka, tambayi isnadinsa: wa ya yi shi, ma'aikatar lafiya ce ko wata hukuma sananniya, ko kuwa mai neman kuɗinka ne? Wanda ya ce ka bar maganin da likita ya ɗora ka a kai, ko ya sa lambar waya ya ce ka aiko kuɗi, ka yi hattara da shi, ka kai wa majo ya gani kafin ka aikata, kuma kada ka tura wa wani, domin mai yaɗa ƙarya yana da kaso a cikin alhakin wanda ta cutar.

A nan kuma akwai haƙƙin sutura. Majiyyaci amana ne, bai halatta a ɗauki hotonsa yana cikin halin rauni a watsa ba tare da yardarsa ba, ko da da niyyar faɗakarwa ce.

Kiranmu na ƙarshe ga kowane ɓangare ne gwargwadon ikonsa. Ma'aikatan lafiya, Allah Ya ƙara muku haƙuri, sa'o'in da mata suke yi a rumfa suna jiran awo ko rigakafi dama ce ta karantarwa, ko da salula ɗaya ce za a zagaya da ita, sannan ku zaɓi bidiyoyin da kuka amince da su ku tura wa masu jinya kafin su tafi. Samari masu salula da masu shagon caji, waɗanda kuke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a katin waya, ku karɓi ingantattun bidiyoyin lafiya daga gidan likita ku riƙa haɗawa da su, sadaka ce mai gudana. Magidanta, ku ba iyalinku aron wayar, ku zauna ku kalla tare da su da iyayenku mata. Sarakuna da limamai da shugabannin ƙananan hukumomi, ku nemi a horar da 'ya'yanmu su ɗauki irin waɗannan bidiyoyi a nan Kona da ƙauyukanta, kamar yadda aka yi a Agye da Gidan Rumji, ƙarƙashin kulawar likitocin gunduma. Ke kuma uwa, haƙƙinki ne ki ce wa ma'aikaci ban gane ba, a sake nuna mini, kuma babu kunya a cikin neman sanin abin da zai tsare ran ɗanki.

A nan za mu dakata. Wanda yake da tambaya ya kai ta gidan likita mafi kusa da shi, ko ya aiko mana ta hannun wakilanmu, za mu gabatar da ita ga masana a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sa damina ta yi albarka.

(Kiɗan rufe shiri)